Kafe Resa a Maraɗi: Me Za a Yanke, Me Za a Bari?

A zaurukan gidaje da yawa na Maraɗi, daga Bagalam har Zariya, akwai tsohon babur jingine da bango, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe tanki, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Wani na maigida ne tun lokacin da yake zuwa cin kasuwar Jibiya ko ta Tasawa, wani na babban yaya ne da ya yi kabu-kabu da shi har Allah ya buɗa masa ya sayi sabo. Ba a sayar ba don abin da ake tayawa bai kai a rabu da shi ba, ba a kuma gyara ba don babu mai buƙata. A ƴan shekarun nan sai samari suka fara duban waɗannan babura da wani ido. Sun ga hotuna a Facebook da TikTok: babur siriri, an kwashe masa duk tarkace, hannuwan tuƙi sun sauka ƙasa, kujera ta mutum ɗaya mai tozo a baya, tanki na sheƙi. Sunan abin kafe resa. Sai ka ga yaro ya turo tsohon moton babansa wurin mai walda, ya miƙa masa waya, ya ce, "Maigida, irin wannan nake so."

Ina cikin masu son wannan aiki, kuma ina son in ga ya yi kyau a garinmu. Tayar da tsohon ƙarfe ya fi barinsa ya ruɓe a zaure ko a kai shi wurin ƴan gwangwan a auna a kilo. Masu walda da makanikai da masu fenti na Maraɗi suna da hannun da zai iya. Abin da hoton cikin waya ba ya faɗa shi ne, duk abin da aka cire ko aka lanƙwasa a jikin babur ɗin nan yana da dalili, kuma a titunan Ingila aka haifi dalilin. Wanda ya kwafi siffar bai tambayi dalilin ba, sau da yawa abin da rairayinmu da ƙurarmu suka fi buƙata shi yake fara yankewa.

Asalin abin bayan yaƙin duniya na biyu ne, cikin shekarun 1950 zuwa farkon 1960. Samari ma'aikata a Ingila sun fara samun albashi, ana kuma ba da babur bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Mota ta fi ƙarfinsu, don haka babur ne abin hawansu, shi ne kuma abin taƙamarsu. Matattararsu shagunan shayi ne na bakin hanya, inda direbobin manyan motoci ke yada zango, waɗanda ba sa rufewa dare da rana. Mafi shahara shi ne Ace Cafe, a kan babban titin da ya kewaya ta arewacin Landan. An buɗe shi a 1938, bam ya lalata shi lokacin yaƙi, aka sake gina shi a 1949, ya rufe a 1969, sannan ya dawo aiki sosai a 2001. Duk wanda ya taɓa zama a fada a Maraɗi, shayi na tafasa a kan gawayi, babura jere a gefen tabarma, kowa na zuzuta nasa, ya san irin wannan zama. Daga wannan mai shayi zuwa wancan suke tsere, daga nan sunan ya fito: kafe shagon shayi ke nan da Turanci, resa kuma ɗan tsere.

Burinsu mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. Ana ba da labarin cewa mutum kan jefa kwabo a akwatin kiɗa ya saki faifai, ya fita a guje, ya je wani wuri da aka shata ya dawo kafin waƙar ta ƙare. Yawancin baburan da suke iya saye ba sa kai wannan gudu yadda suka fito daga kamfani, sai suka koma kwaikwayon baburan gasa, irin na tseren tsibirin Man da ake yi tun 1907. Suka sauke hannuwan tuƙi, suka ɗaure su kai tsaye a sandunan gaba, don mahayi ya kwanta a kan tanki iska ta daina dukan ƙirjinsa. Da ya kwanta haka ƙafafunsa ba su da wurin zama a gaba, sai aka mayar da matakai baya. Tozon kujera yana tare shi kada ya zame idan babur ya zabura. Tankin dogo ne, an lotsa shi gefe biyu inda gwiwoyi za su shige. Duk abin da ke da nauyi kuma ba ya ƙara gudu, aka kwance shi. Wanda ya fi suna cikin baburansu haɗi ne: injin Triumph, wanda ya fi sauƙin ƙara wa ƙarfi, a cikin shasin Norton da wasu ƴan'uwa biyu, McCandless na Belfast, suka ƙera, wanda Norton ta fara tsere da shi a 1950 kuma ya yi fice wajen riƙe hanya a kwana. Suka haɗa sunayen biyu suka ce Triton. Abin da nake so a lura da shi ke nan: mutanen nan daga inji da shasi suka fara, siffa daga baya ta biyo.

To, mu dawo gida mu yi lissafi, domin a nan ake yaudarar yara. Triumph Bonneville na 1959 inji ne mai cc 650 da ƙarfin doki 46. Honda CG125, wanda shi da kwafe-kwafensa na Sin suka cika garuruwanmu, ƙarfin dokinsa wajen 11 ne, ƙarshen gudunsa kuma wajen kilomita 100 a awa idan yana da lafiya. Idan babur ya yi nisa da gudu, babban abokin kokawarsa iska ce, kuma ƙarfin da ake buƙata don ratsa ta ba daidai da gudu yake hawa ba. Ninka gudu sau biyu yana buƙatar ƙarfi sau takwas. Daga kilomita 100 zuwa 160 ana buƙatar ƙarfi kusan sau huɗu. Ninka 11 sau huɗu, ka sami 44, ka ga ka iso ƙofar Bonneville. Babu wani jet, wato ƴar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta, babu wata salansa, babu wani gogen bawul da zai ba ƙaramin inji wannan. Rage nauyi ma haka. A ce an kwance kariyar ɗaukar kaya da madigadi da akwatunan gefe an rage kilo 10, babur da mahayinsa kuma suna kilo 180. Ragin bai kai kashi 6 cikin 100 ba. Za ka ji ɗan sauƙi wajen tashi da wajen juyawa, iyakarta ke nan. Duk makanikin da ya yi maka alkawarin 160 da injin 125, aljihunka yake kallo. Kuma ni ina ganin rahama ce da abin bai yiwuwa, saboda birkin ganga da ke jikin waɗannan babura ba a yi shi don irin wannan gudu ba, kuma nisan da babur ke ci kafin ya tsaya yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu.

Shi kansa CG ɗin da ake shirin yankawa yana da tarihin da ya kamata mai shi ya sani. A 1974 Honda ta tura ma'aikatanta su zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indunusiya, Filifin, Iran da Pakistan su ga yadda ake amfani da babur. Suka tarar ana ɗora masa iyali da kaya fiye da kima, ba a juye baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba a zuwa wurin makaniki sai babur ya tsaya cak. Suka koma suka ƙera injin da zai jure wannan hali: maimakon sarƙar da ke hawa kan inji ta juya bawul, suka sa sanduna masu turawa daga ƙasa, suka sa matatar iska da ake wankewa a mayar, suka ƙarfafa shasi. A 1975 ya fito kasuwa, a 1976 aka fara ƙera shi a Manaus ta Burazil, har yau kuma ana yin sa a Pakistan. Ma'ana, babur ne da aka zauna aka yi wa mutane irinmu, masu ƙura da lodi da ƙarancin kuɗin gyara. Kafin ka cire masa wani abu, ka tuna akwai wanda ya sa shi don ya ga halin da kake ciki.

Ta fuskar siffa kuwa, CG da ƴan'uwansa sun dace da aikin fiye da yawancin abin da ke kasuwa. Ƙasan tanki da kujera suna tafiya kusan a layi ɗaya miƙaƙƙe, shokozoba biyu ne a baya, ƙafafu masu waya ne, fitila zagayayya, injin kuma tsirara yake ana ganinsa. Kayan gyaransa ba sa wuya, daga Kano da Katsina suke shigowa ta Ɗan Isa, kuma babu yaron garejin da bai san cikinsa ba. Masu injin da ke shan mai haɗe da baƙin mai, irin Jincheng da aka kwafa daga Suzuki AX100, ba su da nauyi kuma suna da zafin tashi, sai dai salansarsu wani ɓangare ce ta aikin inji, in ka yanke ta ƙarfi ya tafi. Yamaha DT da ma'aikatan karkara ke hawa kuwa, a bar shi yadda yake. Doguwar ƙafarsa ce darajarsa. Ko wanne ka zaɓa, kafin a taɓa shi da sifana a duba takardu: ta duwan, wato kwastan, da kart giriz, wato takardar rajistar babur, a gwada lambar da ke rubuce da wadda ke buge a wuyan shasi. Babur mai araha marar takarda, bayan ka zuba masa kuɗi da wata uku na aiki, shingen ƴan sanda ɗaya ya isa ya raba ka da shi. Lokacin goge tsatsa da fenti kuma a ja wa yaron gareji kunne kada injin guga ya bi ta kan lambar nan.

Kuskuren da na fi gani shi ne a jerin aiki. Ana farawa da fenti da kujera saboda su ido ke gani, kuɗi ya ƙare, inji na nan da hayaƙinsa. Kamata ya yi a fara tayar da babur yadda yake, a hau shi mako ɗaya ko biyu a ji ciwonsa. A duba fistin da ringi, a daidaita bawul, a sauya faifan kuloci idan yana zamewa, a sa sabuwar sarƙa tare da faranta masu haƙora na gaba da na baya gaba ɗaya, don tsohon faranti cinye sabuwar sarƙa yake yi. A sauya boris na wuya da na ƙafafu, da robobin da ke riƙe hannun ƙafar baya. A sa sabon takalmin birki da sabuwar waya. Babu abin burgewa a nan, babu wanda zai ɗauki hotonsa, amma a nan rabin kuɗin aikin ya kamata ya tafi.

Sai yankan shasi, wanda ba a dawowa daga gare shi. Don a sami gajeren baya irin na hoto, ana yanke wutsiyar shasi a lanƙwasa bututu kamar baka a walda. Aikin ba shi da laifi idan an yanke bayan inda kawunan shokozoba suke ɗaure, aka kuma bar ƙarfen da ya gitta tsakanin sandunan biyu. Nan ne nauyin mahayi da dukan rami ke sauka. Na taɓa ganin wanda aka yanke masa dab da wurin, aka cire ƙarfen tsakiya don kujera ta kwanta, bayan ƴan makonni sandunan suka fara buɗewa, babur na tafiya kamar kaguwa. Bututun shasi siriri ne, ba irin ƙarfen ƙofa da taga ba ne da masu waldarmu suka saba da shi. Wuta mai yawa huda shi take yi, kaɗan kuma ɗosana shi kawai take yi. Mai hankali yakan zura guntun bututu a ciki ya haɗe tsoho da sabo kafin ya zagaye da walda. Kafin a kashe aikin kuma a cire shokozoba a danna baya har ƙasa, a tabbatar taya ba ta taɓa sabon bakan ko ƙasan kujera. Wanda bai yi wannan gwaji a gareji ba, ramin farko zai yi masa shi, da fasinja ko babu.

Inda na fi saɓa wa hoton waya shi ne hannuwan tuƙi. Tun bayan ambaliyar Gulbi ta 1945, da aka taso garin daga kwari zuwa tudu, Maraɗi a kan rairayi take zaune. Manyan tituna suna da kwalta, amma da zarar ka karya kwana zuwa cikin unguwa, yashi ne. Duk ɗan kabu-kabu ya san dokar yashi ko da ba zai iya zayyana ta ba: ka zauna baya, ka sakar wa ƙafar gaba nauyi, ka riƙe totur ba yankewa, ka buɗe hannuwa ka bar kan moto ya yi ƴar rawarsa. Hannuwan kafe resa akasin wannan suke yi gaba ɗaya. Suna jawo ƙirjinka gaba su ɗora nauyinka a kan tayar da ya kamata ta yi iyo, sai ta nutse. Gajeru ne, don haka idan yashi ya fizgi tayar ba ka da tsawon hannun da za ka dawo da ita. Suna kuma rage yadda kan moto ke juyawa, don suna dukan tanki, wani lokaci da babban yatsanka a tsakani. A cikin cunkoson bakin babbar kasuwa, tsakanin adaidaita da amalanke da mai tura ruwa, mutumin da ke kwance a kan tanki ba ya hango abin da ke gabansa sai ya ɗaga wuya, kuma kafin la'asar wuyan hannunsa da bayansa sun gaya masa.

Wasu kuma suna ƙara da sauke gaban babur, su zura sandunan gaba su leƙo sama don ya yi zaman damisa. Wannan yana miƙar da wuyan babur, yana rage ɗan nisan da ke sa taya ta dawo tsakiya da kanta bayan ta karkace. Santimita ɗaya ko biyu ba komai. Fiye da haka, babur yakan zama mai saurin juyawa amma marar natsuwa, ya riƙa kaɗa kai idan aka yi gudu, ga shi cikin inji ya matso ƙasa inda tudun rage gudu ke jiransa. Ni shawarata a sa miƙaƙƙen kai mai ɗan faɗi, wanda ya fi na kamfani sauka amma bai kai na tsere ba. Siffar tana fitowa, kuma babur yana iya shiga Ali Ɗan Sofo ya fita. Idan aka yi haka ma babu buƙatar mayar da matakai baya, aikin da kan jawo rigima da sandar kik da ta birki, har a ƙare da ƙera wasu ƴan sanduna da ke sa giya ta riƙa kuɓucewa.

Matatar iska ita ce ta biyu, kuma ita ce ke kashe inji a ɓoye. A kowane hoto za ka ga an cire akwatin iska an bar wurin fayau, an maƙala wa kafireta wata ƴar matata mai kamar mazurari. Kyau kam akwai shi, amma kyan ɗan maciji ne a ƙasar da ake hunturu. Kowace lita ɗaya ta mai da inji ya ƙona, sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000. Ka tuna da iskar Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke rufe gari, ka share tsakar gida da safe kafin azahar ƙura ta sake kwantawa. Ita ce injin ke zuƙa. Akwatin kamfani yana ɗebo iska daga lungu a ƙarƙashin kujera, yana sa ta juya ta zubar da mai nauyin, sannan soso mai ɗan mai ya kama sauran. Ƙaramar matatar kasuwa kuwa, mai ragar ƙarfe, tsakuwa take tarewa, garin ƙura wucewa yake. Idan ya shiga ya haɗu da baƙin mai sai ya zama kamar garin guga, ya riƙa cin ringi da bangon silinda da bakin bawul. Injin da zai yi shekaru sai ya fara hayaƙi da shan baƙin mai tun kafin wani hunturun ya zagayo. Da damina kuma, Agusta musamman, ruwan da tayar baya ke watsawa kai tsaye cikinta yake faɗawa.

Bayan ƙura akwai zafi. Kafireta an daidaita ta ne da akwatin da aka cire. Da an buɗe mata baki, iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba, haɗin ya yi tsarari. Tsararon haɗi zafi yake ƙarawa, ga inji wanda iska kaɗai ke sanyaya shi, ga Afrilu da Mayu da ma'aunin zafi ke haura 40. Alamominsa sanannu ne: babur ya riƙa shaƙewa idan ka murɗa totur farat ɗaya, ya riƙa tari ta salansa idan ka saki, kan fulogi, wanda muke ce wa buji, ya fito fari fat. In aka yi sakaci bawul ya ƙone ko fistin ya huje. Maganinsa a ƙara girman jet lamba ɗaya ko biyu, a ɗaga allurar kafireta daraja ɗaya, a hau a gwada, a kwance buji a duba, a yi ta yi har kansa ya koma ruwan ƙasa kamar shayi da madara. Aiki ne na haƙuri, ba na yini ɗaya ba. Sannan man da muke sha ba iri ɗaya ba ne kullum: yau na gidan mai, gobe na kwalba a bakin hanya, wanda ba ka san tsawon zamansa a rana ba ko abin da ya shiga cikin jarkarsa. Injin da aka daidaita a kan gaɓa ba ya yafe wannan. Shi ya sa nake cewa a bar akwatin iska a wurinsa, a yi masa baƙin fenti, a rufe shi da ƙananan faifan gefe da aka ƙera da kyau. A sa kuma ƴar matatar mai a kan tiyo tsakanin tanki da kafireta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Salansa ma haka take. Cire mata ciki yana ƙara tsarara haɗin, yana kuma rage ƙarfin ja a ƙananan giya, wanda shi ne ƙarfin da ake aiki da shi a gari. Abin da yake ƙaruwa ƙara ce kawai. A nan zan faɗi abin da ke raina. Muna zaune gida jikin gida, akwai tsoho marar lafiya, akwai jariri, akwai masallaci a kowane layi. Mun ga yadda wasan babura a rakiyar amarya ya sa iyaye da yawa suke kallon duk saurayi mai gyararren moto a matsayin ɗan ganganci, kuma an yi jana'izar da ta ba su hujja. Idan kafe resa ta shigo Maraɗi da rugugi tsakar dare, da wannan idon za a karɓe ta. Gajeriyar salansa mai ɗan ciki da audugar gilashi tana ba da murya mai kauri ba tare da ta tashi unguwa ba.

Sauran ƙananan ne, amma biyu daga ciki suna taɓa rai. Tankin da ya taɓa ɗaukar mai ba a kusantar da shi da wuta don ya bushe. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. A wanke shi da ruwan zafi da sabulu sau da yawa, a cika shi da ruwa har kusa da inda za a walda. Madigadin gaba kuma, ƙarfen da ke ɗauke da shi yana taimakawa wajen haɗe sandunan gaba biyu kada su murɗe idan an ja birki, don haka a gajarta shi, kada a cire. Na baya a bar guntu. Wayoyin wuta in za a ɓoye su a ƙarƙashin kujera, a yi musu dalma da rufi na kirki maimakon murɗawa da salatif, a bar na'urar daidaita caji inda iska ke taɓa ta. Fitilar birki da sigina da madubi su zauna, ko da ƙanana ne. Taya mai ɗan ƙuraje da ta dace da faɗin rim ta fi ƙatuwar taya mai sulɓi da ake cusawa don hoto. Hular kwano kuwa a sa kuɗinta cikin lissafin aikin tun ranar farko.

Kujera ita ce wurin da maganar ta wuce ƙarfe. Matashin Landan shi kaɗai yake hawa, kuma abin da yake nema ke nan. A nan babur na gida ne ko da sunan mutum ɗaya ke kan takarda. Inna za ta ce ka kai ta asibiti. Ƙanwa za ta makara makaranta. Maƙwabci zai tsaya bakin hanya ya ce, "Ɗan'uwa, rage mini hanya zuwa tasha." Buhun gero zai zo daga ƙauye. Wanda ya sa tozo a inda mutum na biyu ke zama, ya sanar da duk waɗannan cewa babu wurinsu, ko bai buɗe baki ba, kuma za su ji. Ban ce haramun ba ne mutum ya mallaki abu don jin daɗin kansa. Wanda ke da wani babur na hidimar gida, ya yi tozonsa lafiya. Amma idan shi ke nan ɗaya a gidan, akwai hanyar tsakiya da masu wannan sana'a a wasu ƙasashe suka daɗe da ganowa: shimfiɗaɗɗiyar kujera siririya mai ɗaukar mutum biyu, ko tozo mai ƙusa biyu da ake cirewa idan buƙata ta taso. A bar matakan fasinja a wurinsu.

A wajen rufin kujerar ne nake ganin Maraɗi za ta iya sa hannunta a abin. Garin da jar akuyarsa ta yi suna a duniya saboda fatarta, garin majema da dukawa, bai kamata ya riƙa shimfiɗa baƙar leda ta kanti yana kwaikwayon ɗinkin wasu ba. Fatar akuya tana da laushi amma siririya ce, rana da gumi suna busar da ita, don haka sai a yi mata shafi da wani abu mai kauri a ƙasa, a riƙa shafa mata mai, ko a yi saman da fatar saniya a bar ta akuya a gefe inda aikin baduku zai fito. Irin zanen da ake yi wa sirdi da jakar fata da kube, idan aka sa shi kaɗan a gefen kujera ko a layin tanki, zai ba da babur ɗin da ba a taɓa gani a wayar kowa ba.

A kuma san cewa kuɗin ba ya dawowa. Tsohon CG mai doguwar kujera da kariya kullum yana da mai saye, domin kayan neman abinci ne: ɗan kabu-kabu, mai kai madara, mai zuwa kasuwannin ƙauye. Ranar da aka yanke masa wutsiya duk waɗannan sun fita daga layi, sai wanda ya ga abin ya burge shi, kuma shi ma yawanci nasa yake so ya gina. Don haka duk abin da aka kwance a adana shi a buhu, kada a sayar. Duk gyaran da za a iya yi da ƙusa, kada a yi shi da walda. Idan babur ɗin na mahaifi ne, a gaya masa dalla-dalla abin da za a yanke kafin a yanke, a nemi yardarsa.

Da ni ne da tsohon CG a zaure, ga abin da zan fitar: inji da birki sababbi fil, akwatin iska na nan a ɓoye, wutsiya an rage ta kaɗan bayan shokozoba, kai miƙaƙƙe mai ɗan faɗi, kujera shimfiɗaɗɗiya ta jar fata mai ɗaukar mutum biyu, gajerun madigadi, tanki launi ɗaya da siririn layi. Wani zai ce wannan bai cika kafe resa ba, kuma ta fuskar hoto yana da gaskiya. Gwajin farko da sassafe zan yi shi, a kan kwaltar Tsibiri kafin manyan motoci su fito, in tsaya a hanya in kwance buji in duba launinsa, in taɓa kowace ƙusa da sifana, in leƙa waldar baya ko fenti ya tsage. A dawowa kuma ba zan bi babban titi har gida ba. Zan karya cikin unguwa ta layin da ya fi kowane yashi, da mutum a bayana.